Daimon Ɗan Gida da Daimon Agirik

Shagona na ɗinki yana bakin hanyar da ta nufi tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, kuma kayan mata nake ɗinkawa tun ina saurayi. Mai wannan sana'a ba ya buƙatar rediyo. Mata sukan zauna a benci suna jiran a haɗa musu hannun riga, su manta cewa tela ma yana da kunne. Shagon da ke manne da nawa, a da na wani mai sayar da maganin feshi ne. Da ya tashi, sai mijin yayata ya kama shi.

Mutum ne dogo, mai faɗin kafaɗa, da murya irin ta masu sanarwa a lasifika. Allah ya ba shi siffa, a nan rabonsa ya tsaya. Tun da ya auri Yaya har zuwa lokacin ban taɓa ganin sana'ar da ta kai damina biyu a hannunsa ba. Ya yi kiwon kifi a bayan gida, kifin suka mutu, sauro ya gaji ramin. Ya yi tallan maganin basir a mota. Ya yi dillancin filaye har sai da aka kusa dukansa a Banga. Kowacce ya shiga, kafin mako ya zagayo ya zama malaminta, yana koya wa waɗanda suka gaje ta daga kakanni. Alhaji muke ce masa, don ya je Makka, da kuɗin wa kuma ba na so in tona.

Yaya tana da shanun da ta gada daga mahaifinmu, suna hannun wani Bafulatani amintacce a Gurbin Bore. Alhaji ya sa ta gaba, safe da yamma, cewa ɓarayin daji za su kore su, gara a juya su zuwa abin da ba a korawa. Maganar ɓarayi gaskiya ce, kowa ya san halin da dajin Zurmi ke ciki, shi ya sa ta yi tasiri. Yaya ta sayar. Alhaji ya tafi Umra, ya biyo ta Dubai, ya dawo da turare kwalba ɗaya na matarsa da na'urori biyu na kansa.

Ranar da ya buɗe kwalin, ya leƙo shagona ya ce, "Tela, aje almakashin nan ka taho ka ga abin da ba a taɓa gani ba daga nan har Sakkwato."

Na je. Ɗaya kamar alƙalami take, mai ɗan tsinin ƙarfe a baki. Ɗaya kuma akwati ne baƙi, bai fi burodi girma ba, da ɗan aljihun da ake jawowa da ɗan gilashi a sama inda rubutu ke fitowa.

Ya ɗaga alƙalamin. "Wanga, zahi yaka aunawa. Daimon na janye zahi da sauri, ba kamar kwalba ba. Ka ɗora tsinin bisa dutse, in daimon na, sai ka ji ya yi kuka."

"To shi ke nan ai. Akwatin kuma na mene ne?"

Ya yi murmushin da yake yi idan zai koyar da jahili. Ya ce yanzu duniya ta ci gaba, akwai masana'antun da ke toya daimon a cikin inji, da matsanancin zafi da matsi, cikin 'yan makonni, alhali na cikin ƙasa sai ya shekara dubbai kafin ya nuna. Kuma wanda aka toya ɗin ba jabu ba ne. Daimon ne sak, ƙarfinsu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, alƙalamin ma kuka yake yi wa duka biyun. Akwatin ne kaɗai ke raba gardama. Ana sa dutsen a aljihun, a tura, sai wani haske mai ruwan shuni ya haska shi. Yadda na ƙasa ke mayar da hasken daban, yadda na inji ke mayarwa daban. In na ƙasa ne, koriyar fitila ta kama. In ba haka ba, ja.

Ba zan zalunci na'urar ba. Wanda ya ƙera ta ya san abin da yake yi. Ni da ɗan Turancina na sakandare na karanta abin da ke fitowa a gilashin idan jar fitila ta kama, kuma ba cewa take yi dutsen na inji ne ba. Cewa take yi a kai shi gaba a ƙara bincike. Wato ita na'urar ta san iyakarta. Mai ita ne bai san tasa ba.

Na ce, "Alhaji, wa ke da daimon a Ƙaura?"

Ya ce, "Kai dai zare da allura ka sani."

Ya sa aka rubuta masa allo da manyan baƙaƙe, aka zana dutse mai tartsatsin haske. Ya kawo farin yadi ya ce in ɗinka masa riga irin ta likitoci. Na ɗinka, saboda Yaya. Ya roƙi in ja masa waya daga solata, tunda wutar gari sai an ga dama. Na ja masa, saboda Yaya. Ya sayi safar hannu da wani ɗan gilashin da ake maƙalawa a ido, ya zauna bayan tebur yana jiran masu lu'ulu'u a garin gero da dawa.

Suka zo kuwa. Manoma daga Banga da fararen duwatsun da garma ta tono. Wata tsohuwa da tsakiya, dutsen adon da ta gada daga kakarta. Wani ya kawo gutsuren gilashin mota a ƙulle cikin tsumma, ya ce a rafi ya tsinta. Alhaji ba ya cewa mutum kai tsaye wannan tsakuwa ce. Sai ya sa safar hannu, ya maƙala gilashi a ido, ya juya dutsen, ya yi gyaran murya, ya karɓi ladan gwaji, sannan ya ce Allah bai nufa ba, amma a ci gaba da dubawa, alamar ƙasar tana da kyau. Na san wani dattijo da ya bar shuka ta wuce shi a wannan damina yana tonon gefen gonarsa saboda wannan magana.

Da a nan abin ya tsaya, da shagon ya mutu kamar kifin. Amma lokacin ya zo daidai da sa'ar da kuɗin haƙar zinariya suka shiga hannun wasu mutane a yankinmu. Mutumin da jiya yake cin bashin goro, yau ya sayi mota, gobe ya je Dubai ya dawo wa matarsa da zobe mai farin dutse. Zinariya ta zama ta kowa a gidan biki, sai aka koma gasar daimon. A bencina na fara jin kalmar tana yawo daga baki zuwa baki.

Wadda ta fara kawo na gaske matar wani dillalin shanu ce daga Shinkafi, yarinya mai kunya, ta zo da ƙawayenta biyu su ne ma suka zuga ta. Alƙalamin ya yi kuka, ƙawayen suka yi guɗa. Aka sa zoben a akwati, jar fitila ta kama. Ina jin komai, don tsakanina da shi katanga ce ta langa-langa. Wani mai hankali da sai ya rage murya ya ce mata, Hajiya, daimon ne, sai dai a kai shi gaba a tabbatar da asalinsa. Alhaji kuwa abin nema ya samu. Ya miƙe tsaye, ya cire gilashin ido, ya ɗaga murya yadda masu shayin tsallaken titi za su ji.

"Hajiya, sai haƙuri. Wanga ba na Allah ba na. Na inji na. Toya shi anka yi kamar waina."

Yarinyar ta fito ta wuce ta gaban shagona, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙawayen na bayanta, suna ta salati da baki, idanunsu na dariya. Kafin Juma'a labari ya iso bencina cewa ta yi yaji.

Mijin ya zo da kansa, gajere, kakkaura, da sandar kiwo a hannu. Bai ko yi sallama ba.

"Kai ne ka ce ma iyalina jabu na saya mata?"

"Ban ce jabu ba, ranka ya daɗe. Na ce na inji na."

"Daimon na ko ba daimon ba?"

"Daimon na."

"To mi ar rigimar? Kazar agirik ba kaza ba ta? In an yanka ta ba a ci?"

Alhaji ya gyara farar rigarsa ya ce, "Ana ci. Amma in surukinka ya zo, wace kaka yanka mishi, ta agirik ko 'yar gida?"

Masu shayi suka fashe da dariya. Dillalin ya buga sandarsa a ƙasa, ya juya. Wannan ita ce magana ɗaya tak mai ma'ana da na taɓa ji daga bakin mijin yayata, kuma da ita ya ɓata auren mutane. Daga ranar aka samu suna. Daimon iri biyu ne a Ƙaura, ɗan gida da agirik.

Sai shagon ya cika. Mata daga Zurmi, daga Shinkafi, har daga Katuru, suna biyo motar kasuwa da safe don su koma kafin la'asar saboda hanya. Matar da ba ta san ko mijinta ya ci abinci ba, ta san launin fitilar da zoben maƙwabciyarta ya kunna. Na ji da kunnena wata na cewa wata, "Ke rufa mana baki, mai agirik." Waɗanda ba za su iya bambanta daimon da ƙwayar gishiri ba, su ne ke ɗaga hanci a kan shekarun da dutse ya yi a ƙarƙashin ƙasa.

Mazan ba su daɗe ba suka gano hanya. Sai na fara ganin baƙi da sassafe, kafin mata su fito. Wannan ya sauke zabi a ɗaure, wancan buhun shinkafa, wani rago sukutum aka kai gidan Yaya. Su shiga, su yi ƙus-ƙus, su fito suna gyara hula. In an jima matar ta zo da zobenta, a ce mata ɗan gida ne, ta fita tana taku ɗai-ɗai. Alhaji ya juya akwatin, gilashin da fitilun suka koma suna kallonsa shi kaɗai. Ya ce hasken na cutar da idon mace, musamman mai shayarwa. Wadda mijinta bai yi sammako ba kuwa, ko daga ƙarƙashin dutsen Kwatarkwashi aka haƙo nata, agirik ne.

Na gaya wa Yaya. Tana tankaɗe a tsakar gida, ragon nan yana ɗaure a gindin darbejiya. Ta ce, "Auta, ka bar shi. Karon farko ke nan da na ga ya shigo da abu gidan nan maimakon ya fita da shi." Ita ba na ganin laifinta.

Cikin damina ta biyu aka yi wata tsawa da rana tsaka, ta ƙona mini caja da fitilar keken ɗinki ɗaya. Akwatin Alhaji yana jone. Da ruwa ya ɗauke ya shigo shagona da shi a ƙarƙashin riga, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Muka danna, muka jijjiga, shiru. Muka kai wa mai gyaran waya, ya buɗe, ya sunsuna, ya ce wannan sai dai inda aka ƙera shi. Na ɗauka an zo ƙarshen wasan, har na fara tunanin wanda zai kama shagon.

Washegari na ji muryarsa ta cikin langa-langa. "Ma sha Allahu, Hajiya. Kore shar. Ɗan gida na."

Na leƙa bayan matar ta fita. Ya sayi 'yar tocila irin ta maƙallin makulli, mai shuɗin haske, ya manna ta da salatif a cikin aljihun akwatin, yadda in ya jawo haske zai ɗan fito. Ƙarar da na'urar ke yi kuwa, alƙalamin yake dannawa a kan cokali a ƙarƙashin tebur, don ƙarfe ma yana sa shi kuka.

Na ce, "Alhaji, ba ka jin tsoron Allah?"

Ya ce, "Tela, idona ya riga ya saba. Ni yanzu ko ba na'ura ina ganewa. Ita don hankalin mutane ya kwanta ta."

Na cire wayata daga shagonsa a ranar. Bai ma lura ba, don babu abin da ke shan wutar. Na kuma faɗa wa duk wadda ta zauna a bencina cewa akwatin nan gawa ce. Ka san abin da suka ce? Waɗanda aka ba kore suka ce hassada ce ke cina. Waɗanda aka ba ja suka ji daɗi na kwana biyu, sannan suka matsa wa mazansu, suka koma aka sake gwadawa, zoben ya tashi daga agirik ya zama ɗan gida. Alhaji ya ce wancan karon datti ne ya hana haske shiga.

Mutum ɗaya ce ta ɗauki maganata, wata Hajiya 'yar kasuwa daga Zurmi da ke sarin atamfa da sarƙoƙi, wadda nake yi wa ɗinki shekara da shekaru. Ba don gaskiya ta dame ta ba. Alhaji ya ce wa wata mai sayen kayanta abin da ta saya agirik ne, aka dawo mata da shi. Sai ta ɗauki 'yan kunne guda biyu iri ɗaya, na dama da na hagu. Ta aika masa da kwanon man shanu, ta kai ɗaya da kanta, ya ce ɗan gida ne tsantsa. Bayan kwanaki ta ba wata maƙwabciyarta ɗayan, ta je hannu rabbana, ya ce agirik ne, har yana yi mata jaje.

Ranar kasuwa Hajiya ta zo da duka biyun a kunnenta, da maƙwabciyar, da wasu mata da ta gayyato. Ta tsaya a ƙofar shagon, ta yaye gefen mayafi.

"Alhaji, ka gane wanga?"

"Na gane shi, Hajiya."

"Wanga hwa?"

Ya dubi maƙwabciyar, ya dubi kunnen. Na ajiye ɗinki na fito, don ban so a ba ni labari. Na ɗauka zan ga gumi a goshinsa. Ko ɗigo. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, shi kuwa ko tabarmar ba shi da ita.

Ya tafa hannu ya ce, "Allahu Akbar! Kun gani ko? Abin da nika hwaɗa kullum ke nan. Maƙeran Dubai ba su da amana. Su sa ɗan gida a kunnen dama, su sa agirik a na hagu, su saida miki a kuɗin ɗan gida. Hajiya, gode ma Allah da ya kawo ki wurina. Da wa zai gano miki?"

Hajiya ta ce, "To kunna akwatin mu gani da idonmu. Juyo shi."

"Ba wuta. Tela ya yanke min waya." Ya nuna ni da yatsa. "Ku tambaye shi, ga shi nan."

Duk suka juyo suna kallona kamar ni ne na haɗa 'yan kunnen. Wata ta ce, "Ashe kai ne mugun." Hajiya ta zagi Alhaji tas, ta zagi akwatin, ta ce ya dawo mata da man shanunta, ta tafi. Matan da ta gayyato don su yi shaida kuwa, biyu daga cikinsu suka tsaya a baya. Na ji ɗaya tana tambayarsa a hankali ko zai duba mata nata, kunnen dama daban, na hagu daban. Daga ranar ladan gwajin 'yan kunne ya ninka. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya faɗi haka bai zauna a layinmu ba.

Abin da ya kashe shagon ba tonon asiri ba ne. Zamani ne ya juya. Aka hana haƙar zinariya, hanyoyi suka ƙara lalacewa, motocin nan suka fara komawa hannun dillalai ɗaya bayan ɗaya. Matan suka kwaso kayan ado suka nufi masu sayen zinariya. A nan suka ga abin da ba su taɓa tambaya ba. Mai saye ya ɗauki ɗan hantsaki ya ɓanɓare dutsen, ya ɗora ƙarfen a sikeli, ya miƙo wa mace dutsenta a tafin hannu. In ta ce ai ɗan gida ne, an gwada, sai ya ce ta kai wa wanda ya gwada ya saya. Wasu sun kai masa kuwa. Ya ce shi likita ne, ba mahauci ba. Wata ta zo bencina da nata a ƙulle a bakin zane, ta ce ko zan iya maƙala mata shi a wuyan riga kada ya tashi a banza. Na ce ba shi da huda, allura ba ta shigarsa.

Alhaji ya rufe shago ba tare da ya yi sallama da kowa ba. Ya bar mini akwatin a ƙarƙashin teburin yanka, ya ce in an samu mai so in sayar. Shi ya koma bin wani ɗan siyasa, yana gabatar da kansa a matsayin masanin ma'adinai, kuma ana ba shi kujera a gaba.

Mai so ya zo, wani mai tsayin gemu daga wajen Shinkafi, ya ce ya ji labarin na'urar. Na fito da ita na kaɗe ƙurar zare. Na ce, "Malam, kafin ka taɓa aljihunka, ka sani abin nan ya mutu tun tuni. Tsawa ta ƙona shi. Ba ya gwada komai."

Ya jawo aljihun akwatin, ya ga tocilar, ya danna ta, ta kawo haske. Ya yi murmushi.

"Na sani, Malam Tela. Kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa. Alƙalamin hwa, shina nan? Da cokalin?"

Na ce alƙalamin yana nan, amma cokali sai dai ya nemi nasa. Ya naɗe akwatin a cikin rawani, ya ɗaure a bayan babur, ya tambaye ni hanyar da ta fi lafiya a ranar. Na nuna masa, na koma kan kekena, don akwai ɗinkin suna da ke jirana.